Ƙwaƙwalwar da Alkasum Ya Dasa a Gefen Lambu

Duk wanda ya taɓa kai waya gyara a bakin babbar kasuwar Agadas ya san Alkasum. In ka kai masa waya ba ta ƙara, zai mayar maka da ita tana ƙara, sai dai ta daina haske. In ka koma da ƙorafi, sai ya dube ka da tausayi ya ce laifin masu ƙera ta ne, su ma ba su kai shi sanin abin da suka ƙera ba. A saman rumfarsa ya sa an rubuta da manyan baƙaƙe ja: ENJENIYE ALKASUM. Ba wanda ya taɓa ganin lakwal, wato makarantar da ta ba shi wannan suna, amma da yake bakinsa ya fi hannunsa sauri, kowa ya gaji ya bar masa.

Sai aka yi rashin sa'a, wani porje, wato shirin tallafa wa noma, ya shirya formasiyo, taron horarwa, a Yamai kan na'urorin zamani. Wanda aka gayyata daga Agadas zazzaɓi ya kwantar da shi, ya tura Alkasum a madadinsa. Alkasum ya je ya dawo da takardar shaida mai zanen zinariya, da jaka cike da fil-fil, wato wayoyin lantarki, da ƙananan na'urori, da kuma wata sabuwar tafiya wadda ba a san shi da ita ba, kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa.

Ko takalmi bai cire ba ya kira matarsa.

"Zuwaira, zauna ki ji. Kin san abin da ke damun duniya?"

"Gishiri ya ƙare a gidan nan, shi dai na sani."

"Bar zancen gishiri. Nisa ke damun duniya. Dubi, a da in ka dasa na'ura a gona ta ji ƙasa ta bushe, sai ta aika labari ta rezon waya har wani ƙaton ordinater, wato kwamfuta, a ƙasar Turawa. Shi ya zauna ya yi tunani, sannan ya aiko da amsa, a ba da ruwa. To mu nan da rezo ke leƙowa yana komawa, kafin amsar ta iso shuka ta mutu an yi mata addu'a. Sabon ilimi shi ne kada a aika ko'ina. A ajiye ƙaramar ƙwaƙwalwa nan gefen gonar. Ta ji, ta gani, ta yanke hukunci nan take, ba ta jiran kowa."

Zuwaira ta ci gaba da tsince shinkafa. "Wato mai gadi."

"Wane irin mai gadi! Mai gadi yana gyangyaɗi, yana shan shayi, yana zuwa suna. Wannan ba ta da dangi."

"To a gonar wa za ka dasa ta, Enjeniye? Mu dai ko tukunyar na'ana'a ba mu da ita."

"Lambun Baba."

Faifan ya kusa suɓuce mata. Baba shi ne mahaifinta, Alhaji Saidou, mai lambun albasa a bakin koramar Telwa, dattijon da unguwa ke tashi tsaye in ya wuce. Ba ya fita sai da shuɗin rawani mai ƙyalli da sandarsa, kuma maganarsa ta yini guda ba ta cika tafin hannu ba. Tun da aka ɗaura aure, abin da ya shiga tsakaninsa da surukinsa bai wuce gaisuwa ba.

"Don Allah, Maigida, ka nemi wani wuri. Albasar nan ita ce abincin gidanmu na shekara."

"Shi ya sa ta cancanci ilimi."

Washegari ya je ya durƙusa a zauren Alhaji Saidou, ya sunkuyar da kai yadda suruki ke yi, amma bakin bai sunkuya ba. Ya yi bayanin rezo, ya yi na Turawa, ya yi na ƙwaƙwalwa, har shayin da aka zuba masa ya huce. Alhaji yana fama da ciwon gwiwa a lokacin, zuwa lambu kullum ya fara yi masa wuya. Sai ya ce, "Tana cin albasa?"

"Ba ta ci, Baba."

"To dasa."

Nan da nan Alkasum ya shiga aiki. Ya kafa dogon ƙarfe a bakin ƙofar lambu. A samansa ya ɗora tsohon akwatin ƙarfe na kayan aure, ya sa ƙwaƙwalwar a ciki da batir, ya garƙame da kwaɗo. Ya ɗaura kamera a gefe, ya ɗaura tsohon oparlar, wato lasifika, da ya saya wurin wani mai tallar magani. Ya haɗa komai da pannon hasken rana da ke ba pompin rijiya wuta, don ƙwaƙwalwar ta riƙa kunna ruwa tana kashewa da kanta. Sannan ya fito da wani tsinken ƙarfe mai jin danshin ƙasa, wanda ya ce sunansa kaptar, ya tafi neman inda zai soke shi.

Duk wannan a idon Issouf aka yi, mai lambun da ke maƙwabtaka, wanda shinge kawai ya raba su. Issouf abokin Alkasum ne tun suna yara, kuma tun suna yara ba abin da ya fi so a duniya irin ya ga Alkasum ya fara wani abu.

"Enjeniye, wannan kuma hasumiya ce ta biyu kake gina wa Agadas?"

"Ilimi ne, ba za ka gane ba."

"To madalla. Shi ilimin yana son inuwa ko rana?"

"Inuwa mana. Na'ura mai tsada ce."

Ya duba, inuwa ɗaya ce a wurin, ta gindin bagaruwar da ke jikin shinge. Nan ya soke tsinken, ya karkaɗe hannu, ya hau moto, wato babur, ya koma kasuwa yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa yanzu haka wata ƙwaƙwalwa tana can tana noma a madadinsa.

Bayan ƴan kwanaki Issouf ya tsaya da amalankensa a gaban rumfa.

"Enjeniye, albasar Alhaji tana gaishe ka. Duk ta yi sujada."

Alkasum ya bar wayar wani a buɗe ya ruga. Ganyen albasa ya kwanta yaraf, ƙasa ta tsattsage, pompi shiru. Ya duba wayarsa, wadda ƙwaƙwalwar ke aika wa taƙaitaccen labari in rezo ya ga dama. Ta rubuta: ƙasa jiƙe take sharkaf.

"Ka gani? Ta ce jiƙe take."

"To sai ka karanta wa albasar, ƙila ba ta sani ba."

Suna tsaye sai jakin Issouf, wanda kullum a gindin bagaruwar nan ake ɗaure shi, ya matso ya buɗe ƙafafu daidai kan tsinken, ya saki fitsari mai tsawo, cikin natsuwa, irin na wanda ya saba da wurin.

Issouf ya riƙe shinge don kada ya faɗi. "Wallahi jakina ya fi ruwan sama daraja. Shi kaɗai ya shayar da lambu guda!"

"Na'urar ba ta yi ƙarya ba," in ji Alkasum, yana zare tsinken da yatsa biyu. "An tambaye ta ko wurin jiƙe yake, ta ce jiƙe yake. Jakinka ne ba ya cikin lissafi."

"Ka sa shi. Yana da ƙwazo."

Alkasum ya kunna pompi da hannu, albasa ta farfaɗo da ƙyar. Wannan karon ya kai tsinken can tsakiyar lambu, nesa da duk wani jaki. Abin da bai lura da shi ba shi ne fil ɗin da ya ja daga tsinken zuwa akwati kore ne shar, kuma awakin unguwa suna bi ta wata kafa a shinge. Wata akuya ta ɗanɗana, ba ta ji daɗi ba, ta fizge shi da fushi. Tsinken ya fito daga ƙasa ya faɗa kan wani falalen dutse a tsakar rana.

Ƙwaƙwalwa ta ji zafi da bushewar da ba ta taɓa ji ba. Ba ta tambayi kowa ba, kamar yadda aka koya mata. Ta kunna pompi, ta ƙi kashewa.

Da hantsi ruwa ya cika fangulan albasa. Da azahar ya ƙetare shinge. Kafin la'asar ya kwanta a hanyar da mata ke bi zuwa kasuwa, wata mai tallar cuku ta zame ta zauna daram, faifan cukunta a cinya, tana kiran sunan duk wanda ya haifi mai wannan aiki. Alkasum ya iso ya tarar da Issouf tsaye cikin tumatirinsa, wando naɗe har gwiwa.

"Sannu da zuwa, Enjeniye. Ina ta jiran ka in tambaya, kifin yaushe za a kawo?"

"Gwaji ne. Dole a san iyakar ƙarfin pompi."

"An sani yanzu. Iyakarsa tumatirina."

Da ya koma gida da yamma, laka har ƙugu, Zuwaira ta tare shi a ƙofar ɗaki.

"An ce ka kawo kogi unguwar su Baba."

"Masu hassada ne. Kowane babban aiki da ƴan gyare-gyarensa."

"Baba ya ji?"

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba. Ya dai tambaya ko har yanzu ba ta cin albasa."

Da wani ne, da ya tsaya nan. Alkasum kuwa sai ya ga abin da ya rage shi ne ya nuna wa mutane ɓangaren da ya fi burgewa, wato kamun ɓarawo. A Yamai an gaya musu ana koya wa ƙwaƙwalwa gane abu ta hanyar nuna mata shi sau da yawa, har ta riƙe kamanninsa. Matsalar ita ce ba shi da ɓarawo a hannu. Ya je wurin Issouf da ƙullin ganyen shayi na ban haƙuri.

"So nake ka zama ɓarawo."

"Da shekaruna?"

"Na wasa. Ka shigo lambu kamera ta gan ka, ta koya. Amma ka yi shigar ɓarayi. Ɓarawo ba ya barin fuskarsa a fili, sai ka naɗa rawani ka rufe baki da hanci, idanu kawai. Ka riƙe sanda."

Issouf ya dube shi, ya buɗe baki, sai kuma ya rufe. Wani murmushi ya fara daga gefen gemunsa. "Dakor, na yarda. Rawani wane launi?"

"Mai duhu. Shuɗi."

"To, ai kai ne enjeniye."

Issouf ya yi aikin da zuciya ɗaya. Ya shigo da sanɗa, ya shigo da gudu, ya shigo yana ɗingishi, ya zauna, ya tashi. Kowace shigowa sai ya tuge albasa cike da hannu ya fita da ita, don abin ya yi kama da gaske. In Alkasum ya ce ya isa, sai ya ce a'a, wancan bai fito da kyau ba, a sake. Da aka gama, ƙwaƙwalwa ta san ɓarawo, gidan Issouf kuma ya san miyar albasa.

Saura murya. Alkasum ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa ya ɗauki muryarsa da kansa, ya yi ta maimaitawa har ta yi masa kaurin da yake so. Sannan ya ɗaure bakin babban tiyo a jikin ƙarfen, yana fuskantar fili, ya tsara cewa duk sanda kamera ta ga ɓarawo, oparlar ya yi ihu, pompi ya sako ruwa da dukan ƙarfinsa.

Ya sa ranar buki. Ya gayyaci ƴan koperatif, wato ƙungiyar masu lambu, da mai unguwa, da liman, da Madam Kadidia, wakiliyar porjen da ya shirya formasiyo, wadda ta ce in abin ya yi kyau za a duba yiwuwar kai shi manyan lambunan garin Timia. Tun da ya ji kalmar Timia Alkasum ya daina gaisawa da ƙananan masu gyaran waya. Ya aika wa surukinsa goron gayyata na musamman. Kuma da yake ya ga a tele manya suna yaye ƙyalle in za su buɗe sabon abu, ya ɗauki sabon zanen Zuwaira, wanda ko ɗinki bai gani ba, ya lulluɓe kamera da akwati da shi.

"Zanena fa ke nan," ta ce, da ta iso da sauran mata ɗauke da kayan shayi.

"Yau zai shiga tarihi."

"Ni dai ya fito lafiya."

Bayan la'asar fili ya cika. An shimfiɗa tabarmi a gaban ƙarfen, dattawa suka jeru a sahun gaba, kowa ya ci ado, kowa da rawaninsa naɗe har hanci da sandarsa a gefe. A tsakiyarsu Alhaji Saidou, cikin farar babbar riga da sabon shuɗin rawani mai ƙyalli wanda bai taɓa naɗawa ba sai ranar. Madam Kadidia tana kan kujera a gefe da wayarta a ɗage tana ɗaukar hoto. Issouf kuwa, wanda bai taɓa fita kai ba rawani ba, ya zo da ƴar hula, ya zauna can bayan mata a kan shinge.

Alkasum ya gyara murya.

"Iyayena, shugabannina. Daga yau Agadas ta daina jiran Turai. Abin da ke cikin akwatin nan yana ji, yana gani, yana yanke hukunci shi kaɗai. Ba ya neman rezo. Ba ya neman izinin kowa. Ko ni da na haife shi, ba ya jira na."

Mai unguwa ya ce, "To in ya yi kuskure fa, yaro?"

"Ranka ya daɗe, kuskure na ɗan Adam ne. Don ku tabbata ba wani ne ke ba shi umarni daga nesa ba, ga pus ɗin, ɗan katin layin da ke haɗa shi da wayata, na cire tun safe." Ya zura hannu aljihu ya damƙo. "Ku shaida!"

Ya wurga cikin rijiya. Aka ji tsulum.

Madam Kadidia ta ɗan ɗaga gira, don pus bai kai ƙwayar gyaɗa nauyi ba, ba ya tsulum. Alkasum bai tsaya tunani ba. Ya kama gefen zanen, ya ce bismillah, ya fizge.

Kamera ta buɗe ido a kan sahun gaba.

Mutane suka ɗaga hannu za su tafa. Sai oparlar ya yi tari, muryar Alkasum ta fito, ƙatuwa, har sai da tsuntsaye suka tashi daga bagaruwa.

"ƁARAWO! NA GAN KA! AJIYE ALBASAR, TSOHON BANZA MARAR KUNYA!"

Kafin kowa ya motsa pompi ya yi gurnani, tiyo ya miƙe, ruwa ya fito kamar an buɗe kogi, ya sauka daidai ƙirjin Alhaji Saidou.

"Innalillahi!" in ji liman, yana neman tashi. Kamera ta gan shi.

"ƁARAWO! NA GAN KA!"

Mai unguwa ya ɗaga sanda yana kare fuska.

"ƁARAWO! TSOHON BANZA!"

Ƙarfin ruwan ya kwance ɗaurin tiyo, ya shiga lilo hagu da dama yana raba wa kowa rabonsa. Sahun gaba ya watse. Dattawan da aka daɗe ba a ga gudunsu ba suka nuna har yanzu da sauransu, riguna a tattare, takalma a hannu. Shugaban koperatif ya faɗa fangalin albasa, ya tashi, ya sake faɗawa. Kaskon shayi ya yi cuu ya mutu. Mata suna ihu suna dariya a tare, su ba wanda ya kira su ɓarayi. Alhaji Saidou kaɗai bai gudu ba, saboda gwiwa. Ya zauna inda yake, ruwa na zuwa yana wuce shi yana dawowa, muryar surukinsa na maimaita masa abin da ba a taɓa faɗa masa ba tun da aka haife shi.

"Kashe shi! Kashe abin nan!" Madam Kadidia ke ihu daga bayan kujera.

Alkasum ya zaro waya yana dannawa da duka yatsunsa. Sai ya tuna inda pus yake.

"Buɗe akwatin mana!"

Ya laluba aljihun dama. Ya laluba na hagu. Ya dubi rijiya. A nan ya gane abin da ya yi tsulum: makullin kwaɗon ne ya bi pus ɗin.

"Enjeniye!" Issouf ya ƙwala daga kan shinge, hawaye na zuba masa. "Ka roƙe ta mana, ai kai ka haife ta!"

Ba sauran dabara sai hawa. Alkasum ya rungumi ƙarfen ya fara ja da ciki, ruwa na dukan fuskarsa har ba ya iya numfashi. Ya fizgo wani rawani da ya faɗi ya maƙale a jikin ƙarfen, ya naɗe kai da baki da hanci, ya ci gaba. Da ya kai sama fuskarsa ta yi daidai da kamera, kamar zai sumbace ta.

"ƁARAWO! NA GAN KA! ƁARAWO! ƁARAWO!"

Ihun nan kuwa ya daɗe da isa lambunan da ke nesa. Mutanen da ba su san da wani buki ba suka jefar da aiki suka rugo da sanduna da fartanyu. Suka iso suka ga dattawa a warwatse cikin laka, ga kuma wani ƙato fuska a rufe, maƙale a saman ƙarfe yana ƙoƙarin ɓalle kwaɗon akwatin mutane da tsakar rana. Ba su nemi ƙarin bayani ba. Wani ya kama ƙafar dama, wani ta hagu.

"Ni ne! Ni ne Alkasum!"

"Muryar da ta kira mu ma ta Alkasum ce, maƙaryaci!"

Suka sauko da shi da gaggawa, wandonsa ya ɗan riga shi isowa. Ya sha sanda mai kyau a gadon baya kafin wani ya fizge rawanin, aka ga fuskar. Masu dukan suka tsaya, suna duban sa suna duban oparlar, wanda ganin sababbin rawuna ya ƙara masa kuzari.

Zuwaira ce ta gaji. Ta tsallake tabarmi, ta tsamo zanenta daga cikin laka, ta dube shi, ta dubi mijinta. Sannan ta dunƙule shi ta wurga sama da dukan haushin da ke cikinta. Jiƙaƙƙen zane ya buɗe ya lafe a kan kamera.

"ƁARA..." in ji oparlar, ya yi shiru. Pompi ya yi ajiyar zuciya ya tsaya.

Ba a jin komai sai ɗigar ruwa daga gemuna. Kowa ya juya wajen Alhaji Saidou. Sabon rawanin ya saki rininsa, shuɗi ya gangaro ta goshi, ya rina farin gemu, ya sauka kan farar riga har ciki. Ya dogara sanda ya miƙe a hankali. Ya dubi albasarsa, wadda rabinta an tattake, rabi na iyo. Ya dubi surukinsa da ke durƙushe yana riƙe da wando.

"Alkasum."

"Na'am, Baba."

"Muryar wa ce wannan?"

"Ta... ta na'ura ce, Baba."

"Ta yi kama da ta wani da na ba ɗiyata."

Ya juya ya tafi, takalmansa na caɓal caɓal. Madam Kadidia ta matse gefen mayafinta ta ce a hankali, "Maganar Timia, Malam Alkasum, za mu kira ka." Yadda ta faɗa, ko Alkasum bai tambayi yaushe ba.

Kafin gari ya waye hoton ya zagaya wayoyin Agadas, har direbobin da ke dawowa daga mahaƙar zinariya ta Tchibarakaten suna tsayawa a rumfarsa don su ga mutumin da idonsu. Samari suka yanko muryar suka mayar da ita ƙarar kira. Sai ka ga mutum yana ciniki a kasuwa, aljihunsa ya ce "ɓarawo, na gan ka," mai kaya ya yi tsalle ya rufe tirensa. Alkasum ya ce wa maƙwabtansa wannan ai shaida ce, ba a taɓa yin fasahar da ta karɓu cikin sauri haka ba a duk faɗin yankin Ayar. A gida kuwa ba ya cika baki, don Zuwaira ta daina kiran sa Enjeniye, ta daina kiran sa Maigida, tuwo kawai take ajiyewa ta wuce.

Sai da ya sauke ƙarfen da hannunsa, ya gyara fangulan da aka tattake, ya sake dashe inda za a iya, ya saya wa Zuwaira wani zanen, sannan ya sami ƙarfin halin zuwa ban haƙuri. Ya ɗauki goro, ya roƙi liman ya raka shi. Liman ya ce zai je, amma da sharaɗin ba wani abu mai fil a jikinsa.

Suka tarar da Alhaji Saidou a zaure yana sauraron labarai a ƴar tsohuwar radiyonsa. Gemun har yanzu da sauran shuɗi-shuɗi. Alkasum ya durƙusa tun daga bakin ƙofa, ya ja gwiwa har gabansa. Liman ya yi doguwar magana kan haƙuri da zumunci. Alkasum, a karo na farko a rayuwarsa, ya yi gajera.

"Baba, na yi laifi. A yafe mini."

Alhaji ya dube shi. Can gefen bakinsa ya motsa kaɗan, kamar mai danne wani abu.

"Liman, ka ga gudun mai unguwa kuwa?"

Liman ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa na rawa.

"Tashi, Alkasum," in ji Alhaji. "Albasa tana sake fitowa. Allah ya shirye ka."

"Amin, Baba. Na gode, Baba."

Aka zuba shayi. Zaure ya yi daɗi. Ana cikin kurɓa sai radiyon ta fara shaƙewa, murya na zuwa tana ɗaukewa. Alhaji ya ɗan bubbuga ta. Alkasum ya ajiye kofinsa. Idonsa ya yi haske, kafaɗa ɗaya ta fara hawa sama, hannunsa ya miƙa da kansa.

"Baba, ai wannan ƙaramin abu ne. In na buɗe ta na sa mata wani ɗan..."

Dattijon da gwiwa ta hana gudu ya wawuri radiyon da saurin da liman ya ce bai taɓa gani ba, ya cusa ta ƙarƙashin cinyarsa, ya zauna a kai daram.

"Bar ta," ya ce. "Haka nake son ta."